Alhaji na son kare mai faɗa

Yaron da ke koyon aiki a wajena ya same ni ina cire wa wata karya kaska, ya tsuguna ya ce: "Maigida, Alhajin nan na jiya da ɓarayi suka haura gidansa sau biyu ya ce kare yake so wanda ko shi kansa zai riƙa shakkarsa. Wai an gaya masa in aka kulle kare a ɗaki mai duhu, ana rage masa abinci ana zuba masa barkono, zaki yake komawa. Mu yi wa baƙin karen nan haka kafin ya dawo?"

Na ce masa: miƙo min matsefatar can, ka zauna. Maganar ɗaki mai duhun nan tun ina kamarka nake jin ta, na kuma ga karnukan da aka yi wa haka. Faɗa kam suna yi, sai dai ba su san wanda za su yi wa ba. Kwikwiyon da ya wuce wata uku bai ga yara ba, bai ga akuya ba, bai ji ƙarar babur ba, komai tsoro zai riƙa ba shi har ya tsufa, kuma kare in ya tsorata cizo yake yi. To wa zai fara cin karo da shi? Ɓarawo sai ya shekara bai leƙo ba. Autan gidan kuwa kullum sai ya fito fitsarin dare, almajiri sai ya zo ɗaukar kwanonsa, ɗan garuwa sai ya shigo da ruwa.

Yunwar ma ta fi damuna. Ɓarawon da ya san sana'arsa ba ya kokawa da kare. Ƙunshin balangu yake zuwa da shi wanda ya barbaɗa wa maganin ɓera, ya wurga ta kan katanga, ya koma gindin bishiya ya jira. Karen da aka horar da yunwa kafin naman ya taɓa ƙasa ya cafe. Na taɓa sayar wa wani mutum manyan karnuka biyu, na bi shi har gida na nuna wa maigadinsa yadda ake ciyar da su. Ashe da na juya baya ya mayar da su cin abinci sau ɗaya a kwana biyu, wai don su yi zafi. Ba su cika wata huɗu ba aka wayi gari dukansu a miƙe a bakin katanga, janareto da babura biyu sun tafi. Har yau in na tuna karnukan nan sai raina ya ɓaci.

Shi ya sa kafin cizo, kafin komai, abin da nake fara koya wa karen gadi shi ne ƙin tsintuwa. Kwanonsa ɗaya, wurin cinsa ɗaya, mai ba shi mutum ɗaya, in ya yi yawa biyu, kuma ba ya sa baki sai an ce "ci". In wannan ya zauna, sai ka sa masa doguwar igiya, ka samu wanda bai sani ba ya wurgo nama daga waje. Yana nufar naman ka ce "bari!" ka ɗan fizgi igiyar. Ya juyo gare ka, ka ba shi wanda ya fi wancan daɗi daga hannunka, ka shafa masa wuya. Gobe a sake, da wani mutum, a wani lungu, wata rana da dare wata rana da hantsi, yau nama gobe kifi. Makonni ake yi, ba a gaggawa, ba a duka. Duk da haka kada ka taɓa rantse wa mai saye cewa karensa ba zai ci ba, kare dai kare ne. Ka ce masa kullum kafin a sake shi a zagaya gindin katanga da tocila a duba. A kuma ciyar da shi bayan la'asar, don ya shiga dare a ƙoshe amma abincin ya faɗa, saboda manyan karnuka masu faɗin ƙirji in suka yi guje-guje da cikakken ciki tumbinsu na iya murɗewa, wannan kuwa cikin awoyi yake kisa.

In kuma ƙaddara ta faɗa, ka ga yawu na dalala yana rawar jiki yana amai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a ruga wajen likitan dabbobi da ragowar naman. Wani maganin ɓeran ma ba ya nunawa sai bayan kwana 3 zuwa 5, ka ga jini a dasashi ko a kashi, kuma yana da makari in an kai shi da wuri.

Alhaji bai gane aikin da zai ɗauki kare ya yi masa ba. Haushi ne aikin. Ɓarawo na son shiru da duhu da lokaci, kare na hana shi biyu daga ciki: ya tashi gida, ya tashi maƙwabta, a kunna fitila. Wanda ya zo da bindiga kuwa babu karen da zai tare shi, abin da za ka samu 'yan mintoci ne na kulle ƙofa da kiran waya. Kuma da ɗan gari akan ci gari. In ɓarawon tsohon direban gidan ne, ko yaron da ya saba wurga masa ƙashi, wutsiya zai kaɗa masa. Wannan ma na daga cikin dalilan da ba kowa ke ba shi abinci ba.

Zancen iri kuma, ka lura masu saye da ido suke saye. Kowa Caucasian yake so don ya ga gashi kamar zaki. Asalinsa na duwatsun Jojiya da Armeniya ne, inda ƙanƙara ke zuba. Kawo shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, shi kuwa kare ba ya gumi irin namu, da haki yake huce jiki, sai ka same shi kwance a gindin famfo ko kai ba ya iya ɗagawa. Boerboel ya fi jure yanayinmu, karen gonakin Afirka ta Kudu ne, amma namijinsa na haura kilo 60, cinsa na magidanci ne, kuma mai sanyin hannu ba ya iya shi. Rottweiler a Jamus shanun mahauta yake korawa a da. Alsheshan, wanda mutane ke kira karen 'yan sanda, ya fi su saurin ɗaukar karatu, tun 1899 aka kafa irinsa don kiwon tumaki. Kada kuma ka raina namu na gida, da ɗan siririn nan na Buzaye da ake kira Azawak, mai tsaron ruga da dabbobi a Nijar da Mali. Kunnensu ba ya barci, ba sa yawan ciwo, ƙanzo da ɗan romo ya ishe su. Ni da za a bi shawarata, a haɗa ɗaya na gida mai tayar da ƙura da babba ɗaya mai cika ido.

Katin allura ba a wasa da shi. Ta haukan kare ana yi yana wata 3, a sabunta duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos na yin ta a nan gida. In ya ciji mutum, ko da katin, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti a ranar, don cutar nan in ta bayyana ba a tashi.

Na san Hajiyarsa za ta kawo batun addini. Ni ba malami ba ne, ya tambayi nasa. Abin da na ji a majalisin karatu shi ne hadisi ya ware karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama suka haɗa da tsaron gida in akwai buƙata. Ana ma ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imam Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Kejin dai a waje yake, a inuwa, nesa da wurin salla da madafa.

In ya dawo ka bar ni da shi. Zan tambaye shi tsayin katangarsa, da yara nawa ne a gidan, da wanda zai ɗaure karen kafin kiran asalatu. In ya dage sai na ɗaki mai duhu, ya nema a gaba, baƙin nan ba zai bar wajena ba. Tashi ka canja musu ruwa, na kejin ƙarshe ya yi zafi.