Ƙudajen fadama: me ya sa wasu kore ne, wasu kuma na cizo?

Tambaya: Ina sana'ar bandar kifi a yankin Nguru. Ƙudan da ke sauka kan kifina kore ne mai ƙyalli, ba irin na ɗaki ba. Akwai kuma wanda ke cizona a ƙafa idan na je kusa da garke. Duk ƙuda ɗaya ne yake canja kama, ko iri-iri ne?

Amsa: Malam, iri-iri ne, kuma idonka bai yaudare ka ba. Fadamar Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala, ta tara abin da ƙuda ke so a wuri ɗaya: laima, kifi, shanun da ke sauka da rani, da jama'a. Kowane iri da abin da yake bi.

Mu fara da abokin gabarka, koren nan. Masana na kiran danginsa Chrysomya. Ba ci kaɗai ke kawo shi ba, wurin ƙwai yake nema. Macen takan lallaɓa cikin bakin kifi, ko ƙarƙashin kunnensa, ko tsagin da wuƙa ta yi a ciki, ta zuba ƙwai farare a dunƙule kamar ɓarzajjiyar shinkafa. A zafin Nguru, kafin kwana ɗaya sun ƙyanƙyashe. Shi ya sa za ka ga kifi ya yi kyau ta waje, ka karya shi ka tarar da tsutsa, domin wuta ta gasa wajen kawai, ta bar cikin da danshi. Abin da ya fi damuna da shi shi ne yana hayayyafa a masai, daga can kuma bai da zango sai kan kifinka.

Yana da abokin tafiya, wani babba mai ruwan toka da jajayen idanu da zane uku baƙaƙe a baya. Wannan ko ƙwai ba ya ajiyewa, tsutsa yake haifa da ranta, ta kama ci nan take.

Mai cizonka a ƙafa ya yi kama da ƙudan gida sosai, amma ka dube shi idan ya sauka: bakinsa a miƙe yake gaba kamar allura. Ƙudan gida ba shi da abin huda fata, lasa kawai yake yi. Wannan kuwa jini yake sha, mace da namiji, kuma a ruɓaɓɓen harawa da ta cakuɗe da kashin shanu da fitsari yake girma. Babban mai cizon da ke sa saniya zabura ita ce bobuwa, wadda tsutsarta ke rayuwa cikin taɓon bakin ruwa. Ba tsando ba ce, amma takan iya ɗaukar cutar sammore a bakinta daga dabba zuwa dabba.

Akwai wanda ba ka ambata ba, kuma shi nake so ka lura da shi a gida: ɗan ƙaramin da ke liƙe wa idon yara da hancinsu, ka kora ya dawo. Yana yaɗa amosanin ido. Kashin mutum da aka bari a fili shi ne wurin haihuwarsa, ba ya hayayyafa a cikin ramin masai. Binciken da aka yi a ƙauyukan Gambiya ya nuna gina masai na rage yawansa a fuskar yara.

Ƙudan gida kuwa, daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne idan ana zafi, don haka kada a bar juji ya wuce mako ba a kwashe ba.

Ga shawarata kan kifin. Kada ka bar shi ya jira wuta bayan an fito da shi daga ruwa. Ka fasa manyan, ka cire kayan ciki ka binne su nesa da wurin banda, wutar kuma ta ratsa har ciki. Wanda ya sauka daga wuta a rufe shi da raga mai ƙananan ido. Na san wasu na yayyafa fiya-fiya don korar ƙuda. Guba ce, tana shiga naman kifin, kuma wanda ya saya ya kai gida shi da 'ya'yansa ne za su ci.