Tauraron da ke cikin adakar gidanmu a Kumasi

Malam, na ga tambayarka a kan hoton da ƙanena ya ɗauka ranar sunan ɗansa, inda aka ajiye tsohuwar lambar gidanmu kusa da jariri. Ka ce yaya gidan Musulmi zai riƙe lambar zinariya mai gicciye, har ka ƙara da cewa ko dai zama da Kirista ya cinye Hausawan Gana. Maganar ta sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Amma tunda ka tambaya a fili, bari in ba ka amsa a fili.

Da farko, ba zinariya ba ce. Tagulla ce, gogewar shekaru ce ta sa take ƙyalli a hoto. Tauraro ne mai tsini huɗu, da gicciye a karkace tsakanin tsinayen, irin wanda Kirista ke dangantawa da waliyyinsu Andarawus. A tsakiya akwai kambin sarauta da sunan Ashanti da 1896, a baya kuma an rubuta da Turanci cewa daga Sarauniya take, wato Biktoriya. An raba ta ga waɗanda suka shiga Kumasi a watan Janairun shekarar, lokacin da Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya. A cikinsu akwai rundunar Hausawa ta Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, kuma kakan mahaifina yana ciki.

Shi mutumin Kano ne, fataucin goro ya kai shi Salaga, a arewacin Gana. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, jari ya ƙare, hanyar gida ta yi nisa, sai ya shiga soja. Abin da aka gaya mana ke nan. Bai nemi a ba shi gicciye ba, kuma bai taɓa rataya lambar ya shiga masallaci ba. Kakata ta ce naɗe ta yake yi a tsumma ya jefa ƙasan adaka, allonsa da tasbaharsa a sama.

Zinariyar gaske ita ce ta kakata, fam ɗaya na Ingila da aka ba ta cikin kayan aure, ta kai wa maƙeri ya yi masa maratayi. A jikinsa akwai mahayin doki yana fafatawa da wani dodo, kuma sai da na girma na san waliyyin Kirista ne, Joji. Ita "mai doki" take ce masa, ta mutu ba ta san yana da wani suna ba. Ba na jin akwai tsohuwar da ta fi ta kiyaye sallar asuba a unguwarmu.

Kuma Malam, kafin ka ɗora mana laifin nan mu kaɗai, ka duba gida. Sardauna Ahmadu Bello ya karɓi lambar Sarauniya a 1959, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960, shi ya sa ake kiransu Sa. Lambar da aka rataya musu ita kanta siffar gicciye gare ta. Wa ya taɓa cewa Musuluncin Sardauna ya ragu saboda haka?

Abin da ke da nauyi a wannan tauraro, a wurinmu, ba gicciyen ba ne. Mahaifiyata Batoniya ce, wato 'yar ƙabilar Ashanti. Ta musulunta kafin aurenta, amma danginta suna nan, muna zuwa jana'izarsu, suna zuwa mana barka da Sallah. To ka ga lambar da aka ba kakanmu saboda an kama sarkinsu, an kai shi har tsibirin Seshel, bai dawo ba sai 1924, tana kwance a ɗakin 'yarsu. Mahaifina bai taɓa fito da ita ba idan kawunnena suna gidan. Ba tsoro ba ne, kara ce. A al'adar Tonawa ɗa na dangin uwa ne, a tamu na uba ne, don haka kowane ɓangare yana cewa ni nasa ne, kuma ban ga dalilin ƙaryata ko ɗaya ba. Ku a can kuna ganin auren Batoniya asarar jini ce. Mu mun ga matan da suka riƙe gidajen Zongo, suka tura 'ya'yansu makarantar allo da hannunsu.

Sau ɗaya lambar ta fita daga gida. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Zongo ya rikice, ana sayar da gida da kaya a wulaƙance, motoci cike da mutanen da ba su taɓa ganin Najeriya ba. Mahaifina ya sa tauraron a aljihun rigarsa kullum zai fita, don duk wanda ya ce masa baƙo ya nuna masa cewa kakansa yana Kumasi tun 1896. Babu sunan kowa a jikinta, ba takarda ba ce, amma ita ce abin da yake da shi a hannu. Allah Ya sa ba a taɓa mu ba. Maƙwabtanmu da yawa sun tafi.

Na san Hausarmu tana ba ku dariya, muna ce wa mace "ya zo", muna cusa Tonanci a tsakiyar magana. Na san kuma wasunku sun yi surutu da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika a Akara a 2019, yana cika shekara 100. Mu a nan mun gane abin da ya yi, don katanga ɗaya ce tsakaninmu da mutanen nan. Abin da ke ci mini rai shi ne idan mun je Kano a ce mana 'yan Gana, a nan kuma wasu su ce mu koma inda muka fito.

Ranar sunan, baffanmu ne ya buɗe adakar. Yaron ya ci sunan sojan, shi ya sa. Bayan liman ya shafa fatiha an raba goro, aka mayar da tauraron cikin tsummansa, aka aza allon a sama yadda mai shi yake yi.