Na Binne Ciyawa a Lambu, Ganye Ya Yi Rawaya: Na Kashe Ƙasar Ke Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daina kaftu a lambuna, na lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa. Wani ya ce min ciyawar tana shanye taki, gara in cusa ta cikin ƙasa ta ruɓe da wuri. Na yi hakan, yanzu ganyen tumatir ya yi rawaya, girma ya tsaya. Ya kuma ce in ƙone sauran. Malam, na kashe ƙasar ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙasarka lafiya lau take. Sai dai mai shawarar nan shi ya jefa ka ramin da yake tsorata ka da shi.

Maganar "ciyawa tana shanye taki" ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo min ita. Busasshiyar ciyawa sinadarin kabon ne ya yi mata yawa, naitirojin (sinadarin takin da ke sa ganye ya yi kore) kaɗan. A bambaron alkama, kashi kusan 80 na kabon ke tafiya da kashi 1 na naitirojin, alhali ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna buƙatar kusan 24 da 1. Ina za su samo cikon? Daga ƙasar da ke manne da ciyawar. Idan tana shimfiɗe a sama, ɗan fatar ƙasa kawai suke taɓawa, saiwa tana can ƙasa ba ruwanta. Da ka binne ta, ka kai su har bakin saiwar tumatir suna ƙwace masa abinci. Wato binnewar ce cutar. Amma sai ka ji mutumin da bai taɓa ɗaga ciyawa ya ga danshi da tsutsar tana da ke ƙarƙashinta ba, yana ba da fatawa da ƙarfin hali. Ƙonawa kuwa ta fi muni: naitirojin ya bi hayaƙi, a bar ka da toka da ƙasa tsirara, rana ta gasa ta, ruwa ya daddaɓe ta.

Kada ka tono wadda ka binne, za ka tsinke saiwa. Zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi ko ɗan yuriya a gefen kowane tsiro, ka ba da ruwa. Naitirojin ɗin ma aro aka yi, zai dawo idan ciyawar ta gama ruɓewa. Sauran kuma shimfiɗa ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kaurin santimita 15 zuwa 20, don za ta lotsa. Bar tazarar yatsu uku daga gindin tsiro.

Abin da ya cancanci tsoro shi ne ciyawar da aka yi wa feshin maganin ciyawa irin aminopyralid, wanda ke daɗewa bai mutu ba, har a kashin dabbar da ta ci. Alamarsa daban ce: sabon ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance. Kafin ka shimfiɗa ciyawar da ba ka san asalinta ba, yayyanka kaɗan ka gauraya da ƙasa a tukunya, ka shuka wake, ka duba ganyensa bayan mako 3.