Layar Kakata da Zuwa Coci

Tambaya: Inna, ni Kirista ce, ina sayar da hatsi a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Asalinmu Maguzawa ne daga ƙasar Kano. Kakata ta aiko mini da laya don kasuwa ta buɗe, ta ce kuma in yanka baƙar kaza ga iskokin gidanmu. Ina zuwa coci duk Lahadi, amma layar na ƙuguna. Anya ni Kirista ce kuwa?

Amsa: 'Yata, wannan gardama ta girme ki. A nan Legas aka kafa majami'ar Cherubim and Seraphim a 1925, kuma har yau Kiristoci na ja-in-ja kan ruwan addu'a da turaren irin waɗannan majami'u.

Ni dai ga yadda nake rarrabewa. Sassaƙen da kaka ta haɗa don zazzaɓi magani ne, sha abinki. Yanka wa iskoki kaza kuwa bauta ce, kuma ayar Fitowa 20:3 a Littafi Mai Tsarki ta hana. Layar fa? Idan kika manta da ita a gida gabanki ya faɗi, to ita kika dogara da ita. Cire ta.

Amma kada ki yi wa tsohuwa gatsali, ƙauna ce ta sa. Aika mata da goro da atamfa.