Amsa ga mai tambaya kan bel ɗin kariya a aikin sola

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka fara aikin ɗora sola a kan rufi, wani ya ba ka bel irin na ma'aikatan wuta, kana tambaya ko ya wadatar ko sai ka sayi mai kama jiki gaba ɗaya. Ni a hawan turakun sadarwa na fara kafin in koma sola, ga abin da aikin ya koya min.

Bel ɗin ƙugu ba don faɗuwa aka yi shi ba. Aikinsa ya riƙe mutum a jikin falwaya ya jingina, hannuwansa biyu su samu damar aiki. In ka faɗo da shi, a cikinka da ƙashin bayanka duk ƙarfin zai sauka, ko ka juye kai ƙasa ka sulluɓe. Shi ya sa hukumar OSHA mai kula da kariyar ma'aikata a Amurka ta daina yarda da shi wajen tare faɗuwa a aikin gini tun 1998. Ka nemi mai maɗauri a kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, mai zoben ƙarfe a tsakiyar baya. A tambarinsa ka duba EN 361, lambar ƙa'idar Turai ta bel mai kama jiki gaba ɗaya. In ka saka, ka tsuke na cinya har ya zama tafin hannunka na shiga a shimfiɗe amma dunƙule ba ya shiga. Yara suna sassauta shi saboda zafi, kuma kowane namiji ya san inda zai matse ranar da aka faɗo da shi a sassauce.

Sai dai abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ba ka faɗi inda za ka maƙala ƙugiyar igiyar bel ɗin ba, kuma nan ne ake halaka. Yi lissafi. Igiyar da ake haɗawa da bel mai kama jiki takan kai mita 2. A jikinta akwai wani ƙunshi mai rage ƙarfin fizga, wanda ɗinkinsa ke warwarewa in an faɗo, ya ƙara tsawon da zai iya kai mita 1.75. Ƙara tsawonka daga zoben baya zuwa ƙafa, ƙara mita 1 na rara. In ƙugiyarka tana daidai ƙafarka, kana bukatar sarari fiye da mita 6 a ƙarƙashinka. To bakin rufin gidan da ba bene ba nawa yake daga ƙasa? Wajen mita 3 ne. Ka ga sai ka bugi ƙasa igiyar ba ta ma gama miƙewa ba, kana sanye da kayan kariya tsaf.

Don haka a irin gidajen da muka fi yi wa aiki, ba na neman igiyar da za ta cafe ni, ina neman wadda za ta hana ni isa bakin rufin tun farko. Ina ɗaure ta can sama wajen tozon rufi, in rage tsawonta yadda ko na zame zan tsaya a kan kwano. Kuma ina aiki daidai ƙasan inda na ɗaura, don in ka yi nisa gefe ka faɗi, lilo za ka yi ka daki bango. A bene mai hawa biyu ko uku ne mai rage fizgar take da amfani, ita ma gara ƙugiyar ta kasance sama da kafaɗa.

Wajen ɗaurin kuma kada ka yi wasa. Bututun ruwa, ƙafar dish, ƙarfen da ake jera sola a kai, rodin da ya leƙo daga fila, duk na ga ana maƙalawa, duk ba su ba ne. Ƙa'idar Amurka ta ce wurin ya iya ɗaukar fam 5,000, sama da tan 2 ke nan, saboda fizgar faɗuwa ta ninka nauyin mutum sau da yawa. Ƙarfen rufi mai kauri ko ginshiƙin kankare nake nema. In katako ne sai na leƙa cikin silin na soka masa sukudireba, don gara takan cinye ciki ta bar baya sumul.

Bel na gwanjo ba na ba da shawara, don ba ka san ko an taɓa faɗowa da shi ba, kuma wanda ya tare mutum sau ɗaya ya gama aiki. Sabon ma ka riƙa bin sa da yatsa kullum, kana lanƙwasa shi kana duban ɗinki. Rana tana cinye zaren, tartsatsin walda yana huda shi, ruwan batir kuwa ya fi komai, kuma mu 'yan sola mun fi kowa jefa bel da batir a bayan mota ɗaya.

Abu na ƙarshe, kada ka hau kai kaɗai. Na taɓa ganin abokin aikinmu ya zame a jikin turke, igiya ta riƙe shi lafiya, ko ƙwarzane babu. Yana ta raha daga sama, amma kafin mu kai gare shi ya fara zufa yana cewa ƙafafunsa sun mutu, idonsa na rufewa. Maɗaurin cinya ne ke danne jijiyoyi, jini ya taru a ƙafa. Duk wanda ya rataya ya yi ta motsa ƙafa kamar mai tuƙa keke, ko ya taka wani abu, na ƙasa kuma su sauko da shi cikin mintuna. Tsanin da zai kai wurin ya kasance a jingine tun kafin a fara aiki.

Da sassafe ka jira raɓa ta bushe, kuma ƙurar hunturu a kan dogon kwano santsi gare ta sosai. Ka ɗauki hoton tambarin wanda za ka saya da na rufin da za ka hau ka turo nan, mu duba tare.