Harsashi ɗaya na barewa da aladen daji?

Ɗan'uwa, ka ce kana jihar Texas ta Amurka da bindiga .308 Winchester, kana neman harsashi guda da zai yi maka farautar barewa, ya kuma kori aladun dajin da ke tone gonar maƙwabcinka. To, bindigarka ta isa, kada ka sayi wata.

Matsalar ba ta barewa ba ce. Fatarta sirara ce, harsashi mai kan dalma na giren 150 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) yana kayar da ita. Tsohon namijin alade kuwa wani abu ne daban: yana da tauri mai kauri a kafaɗa kamar garkuwa, ga busasshen taɓo a jiki. Harsashin da ke fashewa da wuri sai ya watse a nan, dabbar ta gudu da rauni, ka bi sawun jini har dare. Saboda haka nemi giren 165 wanda ba ya rabuwa, irin Nosler Partition, ko Barnes TSX na tagulla zalla. Na tagullar zai yi maka amfani in ka leƙa Kalifoniya, inda aka hana farauta da dalma tun 2019.

Harsashin soja mai rufaffen kai, bar shi don atisaye. Ratsawa yake yi bai buɗe ba. Texas ma ta hana harbin barewa da ƙaramar bindiga .22 ta rimfaya, wato wadda harsashinta ke tashi in an bugi gefen gindinsa.

Sayi kwali biyu iri ɗaya, ka yi amfani da kwali ɗaya ka daidaita madubin bindiga a nisan yadi 100 kafin ka shiga daji.