Lissafin hawan Shere a yini ɗaya

"Maigida, an ba ni baƙi shida masu son hawa ƙololuwar duwatsun Shere ranar Asabar, su kwana Jos. Ƙarfe nawa za mu tashi, me kuma zan sa su ɗauka?"

Ka fara da lokacin juyowa, ɗana, daga shi ake tsara sauran. Garin Jos yana kan tudu mai kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829, don haka daga inda mota za ta ajiye ku akwai hawa na wajen mita 600. Baƙon da bai saba ba, ka ba shi awa ɗaya a kowane mita 300 na hawa, da wata awa a kowane kilomita 3 na tafiya. Saukowa kuma kada ka raina ta. Gwiwa ta riga ta gaji, ido ya daina lura, yawancin targaɗe a gangara ake yinsa.

Ku taka dutse da ƙarfe 6:30 na safe. Da rani, 12:00 na rana in ta yi, ku juyo, ko da kuna hango ƙololuwa kamar ku miƙa hannu. Ka faɗa musu wannan tun a ƙasa, gaban kowa, domin a sama sai an sami mai cewa saura kaɗan. La'asar ta same ku a gindin dutse, ya zamana kana da rarar awa biyu kafin magariba, ko da wani ya gurɗe ƙafa sai an tallafo shi.

Da damina ka dawo da lokacin zuwa 11:00. Hadarin Filato da rana yakan haɗo, kuma falalen dutse da ya jiƙa, musamman inda gansakuka ta kama, santsinsa kamar an zuba karkashi. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. Ƙasa da daƙiƙa 30, ku bar tsauni nan take, ku nisanci itace tilo da bakin kogo. Yuli da Agusta, ni dai ban ga amfanin kai sabon shiga ba. Nuwamba ta fi, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba tukuna.

Kaya kuwa, kowa lita 3 na ruwa a bayansa, kai ka ƙara lita 2. Sanyin sama yana yaudara, mutum ba ya jin ƙishi har sai ciwon kai ya kama shi, saboda haka ka riƙa tsayar da su duk minti 40 su kurɓa. Wanda jijiyar ƙafarsa ta fara ɗaurewa, dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokalin gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Guzuri dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba. Takalmi mai taushin roba da zane a ƙasa, wanda aka saba sawa. Sabon takalmi bororo yake kawowa, mai silifas kuma ya jira ku a mota. A jakarka a sami bandeji, filasta, tocila, usur da rigar ruwa.

Kada ka shiga ba ɗan gari. Afizere ne mutanen wurin, ka gaida mai unguwa, ka nemi wanda ya san hanya da wuraren da ba a takawa. Shi a gaba, mafi rauni a bayansa, kai a ƙarshe. Ka bar wa direba lokacin da zai fara neman ku, don waya tana ɗaukewa cikin kwazazzabo.

Ka hana su zura hannu a ramin dutse, maciji da zuma nan suke fakewa. In an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya. Cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar karan itace don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Yayin hawa, ka riƙa waiwayawa a kowace mararraba kana haddace yadda take ta baya, domin duwatsun nan kamarsu ɗaya in an juyo. Kuma duk inda kuka huta, ƙirga kawuna kafin a tashi: takwas, har da kai da ɗan gari.